Tsamiyar da Sabon Titi Ya Ci

Daga Dala

Ko assalatu ba a kira ba Baffa Sani ya fara buga min ƙofa da sandarsa. Ƙanin mahaifina ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Tun da ya ji a rediyo gwamnatin tarayya ta saki kuɗin faɗaɗa manyan hanyoyi, wani direba kuma ya ce masa katafila ta wuce Tsanyawa, barci ya ƙaurace masa. A bakin hanyar nan ta Katsina aka binne mahaifina ina ɗan ƙarami. Motarsu ce ta yi karo da babbar mota, mutanen ƙauyen suka yi masa sutura a nan, yadda ake yi wa matafiyi. Ba dutse, ba rubutu. Wata tsamiya ce kawai alama, Baffa ne kuma ya san ta.

"Ɗanlami, so kake su shimfiɗa wa yayana kwalta a ka?"

"Baffa, ko mai katafilar ai sai ya yi asuba."

Bai yi dariya ba. Muka yi sallah, muka tari adaidaita, muka fita ta Ƙofar Dawanau muka samu motar Katsina. Na je Agadas, na je Legas ban san iyaka ba, amma ban taɓa yin tafiyar da ta yi min nauyi irin ta ranar ba.

Dawanau zuwa Bichi

An kwana ana ruwa. An rufe hannu ɗaya ana aiki, mai zuwa da mai dawowa duk mun haɗu a ɗayan, ga tireloli shaƙe da hatsi a gabanmu suna tafiyar amarya. Direbanmu, Malam Habu, bakinsa ya fi motarsa gudu.

"Wai in an gama za su kafa shinge mu riƙa biya," in ji shi. "Da muna biyan rami da taya, yanzu mu biya kwalta da aljihu."

Na ce, "To wanne ka zaɓa?"

"Alhaji, in dai za su gama ina da rai, su karɓa."

A shingen 'yan sanda wani ya leƙo, ya ga Baffa da carbi fuska a murtuke, ya ce, "Baba, a sa mu a addu'a," ya ɗaga mana hannu. Habu ya ce gobe ma hayar Baffa zai ɗauka.

A Bichi muka tsaya shan shayi. Tsada kamar a otal, madarar kuwa sai ka rantse gwangwanin kawai aka nuna wa kofin. Baffa ko kurɓa bai yi ba.

Bayan Tsanyawa

Rana ta ɗaga sosai muka isa. Kwatancen Baffa tun fil azal ɗaya ne: ka wuce 'yar gada, ka wuce rumfar mai nama, sai tsamiya a dama. To gadar an rushe ta, rumfar babu, ko'ina jar ƙasa ce an baje. Can Baffa ya hango wata tsamiya, ya daki kujerar direba.

"Tsaya! Ga ta nan!"

Muka sauka, muka kutsa taɓo har idon sawu. Baffa ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya ɗaga hannu. Ya daɗe yana addu'a ina amin, bayana kamar zai ɓalle. Wani manomi ya jingina da fartanyarsa yana jira mu shafa, sannan ya matso.

"Sannunku. Baba, lafiya dai? Nan turken jakina ne."

Na danne dariya, ganin fuskar Baffa kuma sai ta koma da kanta. Da na yi masa kwatancen gadar da rumfar mai naman, manomin ya nuna mana can baya, tsakiyar inda aka riga aka zuba tsakuwa aka daddanne. Nan tsamiyarmu take a da. Baffa ya zauna a ƙasa da fararen kayansa.

"Mun makara, Ɗanlami."

"Wa kuke nema ne?" in ji manomin.

Na gaya masa.

"Au, Baƙon Kano? Ku taso mu je wajen Mai Unguwa."

Mai Unguwa dattijo ne sa'an Baffa. Ya ce tun da ma'aikata suka zo suka kafa turakun awo, su mutanen ƙauyen suka tambayi malamansu, aka ba su izini, suka kwashe nasu mamatan da ke bakin hanya zuwa maƙabartar gari.

"Har da shi?" in ji Baffa.

"Haba Alhaji. Mutumin da ya shekara da shekaru a cikinmu? Ina yaro na ɗebo ruwan wankansa. Ba mu san sunansa ba ne kawai, da mun aika. Yana kusa da mahaifina."

Ya kai mu kabarin. Baffa ya faɗa masa sunan, Mai Unguwa ya maimaita sau biyu don ya zauna masa. Aka sake addu'a, wannan karon ba jaki a kusa. Aka kawo fura, Baffa ya shanye tasa ya haɗa da rabin tawa.

Komawa

Bayan la'asar muka samu mota. Wani yanki da aka gama aka buɗe mana, faɗi guda, sumul, mota ba ta ko girgiza. Baffa ya daɗe yana kallonsa ta taga.

"Da tun lokacin haka hanyar take da faɗi…" in ji shi. Kafin Bichi ya kifa kai a kafaɗata, har da minshari.

Ana kiran magariba muka shigo Dala, ƙafa duk taɓo, ƙugu ba ya miƙuwa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa mutanen ƙauyen nan da suka riƙe min uba ba su san sunansa ba. Jakin ma na gode masa, ya sha addu'ar da ba tasa ba bai ce komai ba.