Malam Audu, matuƙin da ya haɗa Inna Rahamatu da jikanta

Kowace safiya, kafin masu albasa su fara lodi a tashar jirgin Yelwa, Malam Audu ya riga ya kwarfe ruwan kwalekwalensa. Shekara talatin da ɗoriya yana kai mutane Warra, sai bana ya ajiye tuƙi. Ba kowa ya san yana jin harshen Holan ba. Ya tsince shi tun yana saurayi, wajen yawo da wasu Turawan Holan masu binciken kifi a tafkin Kainji.

Ni da na gudu daga aji biyu don ba na iya zama wuri ɗaya, darasinsa kaɗai na taɓa kallo har ƙarshe.

Ɗalibar ita ce Inna Rahamatu mai tuyar kifi. Ɗanta ya yi aure a Holan, jikanta Jabiru kuwa ba ya jin Hausa. In an kira ta a waya ta bidiyo, sai su yi ta kallon juna, yaron ya gudu.

"Malam, kar in mutu ban ce ma angon nan nawa komai ba."

Bai ɗauko littafi ba. Kifi ya ɗora mata a hannu: "Wanga na kusa, deze vis. Wancan jirgi, die boot." Ragar da ke gabanta, dit net. Gidan tsallake, dat huis. Sai dai Inna da baki take nuni.

"Inna, ɗan Turai bai san tura baki ba. Sa yatsa!"

"Da wane hannu? Duk mai ne."

Bayan wata biyu, ranar wata Juma'a, waya ta shigo muna tsaye. Inna ta ɗaga kifi: "Jabiru, deze vis!" Ta tura baki wajen ruwa: "Die boot!"

Sai yaron ya juya, ya tura ɗan bakinsa wajen kekensa: "Die fiets!"

Inna ta rangaɗa guɗa, kifin da ke kasko ya ƙone ƙurmus.

Malam, kai ne mai ƙetarar da mutane, a ruwa da a tudu. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Jama'a, duk mai wani sani a ajiye ya fito da shi, akwai mai jira. Yanzu kowace Juma'a Jabiru ne ke fara kira.