Wayar da na miƙa yamma

Shekara ashirin da wani abu na yi ina aiki a shagon gyaran rediyo da talabijin a titin Sultana, cikin Madina. Maigidana Bahaushen Sudan ne, ya girme ni da kaɗan, kuma shi ya koya mini riƙe abin narka dalma. Bayan aikin shago yana da wata sha'awa: yana da lasisin rediyon da ake magana da mutanen nesa, ba wadda ake sauraron labarai ba. Ƙanensa ma yana da irinta a wani gari can wajen iyakar Chadi. Sun yi alkawari duk Juma'a bayan la'asar za su haɗu a iska su gaisa, kamar yadda suke yi suna samari.

Da ya koma sabon gida a Ƙuba, ciwon suga ya riga ya taɓa masa ƙafa, ba ya iya hawa saman bene. Sai ya zana mini eriyar a bayan kwalin batir. Doguwar waya ce da ake ɗaurewa tsakanin sanduna biyu, igiyar rediyon ta sauko daga tsakiyarta. Ya rubuta tsawonta, ya ce in miƙa ta daga kudu zuwa arewa, wato daga ɓangaren alƙibla zuwa ɓangaren Uhudu.

Da na hau sai na tsaya ina nazari. Ƙanen nan yana yamma. In kana son nuna wa mutum hanya, ai yatsa kake miƙawa wajen. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa maigida, ya juya zanen. Na ɗaure sanda ɗaya a jikin tankin ruwa ta gabas, ɗaya ta yamma, bakin wayar ya nufi garin ƙanen kamar mashi. Tsawon kam ban rage ko ɗan yatsa ba. Da na sauko ya tambaye ni ko na yi yadda ya zana, na ce na yi. Niyyata in sun ji juna raɗau sai in faɗa masa dabarata, ya yaba mini.

Ba su ji juna ba. Rediyon tana kamo mutanen Turkiyya, tana kamo na Kenya, amma ranar Juma'a sai shuuu kawai. Wani lokaci murya ta ɗan leƙo ta nutse. Maigida ya buga wa ƙanen wayar hannu, ƙanen ya rantse yana zaune gaban tasa tun kafin lokaci. Maigida ya ce ga shi yana magana da rabin duniya, ashe laifin ba daga nan yake ba. Da farko ya zargi kayan ƙanen. Daga baya ya zargi ƙanen kansa, ya ce tun suna yara ba ya riƙe alkawari. Magana ta yi tsami har aka tono tsofaffin abubuwa. Shekara biyu suka yi ba sa ko gaisuwar salla.

Ni kuwa ina nan ina kawo shayi, ina jin komai. Ban taɓa kawo wa raina cewa wayata ce ba. Na gama yarda cewa na kyautata aikin, don haka ma na daina tunaninsa.

Babbar 'yar maigida ta yi karatun injiniya. Tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, sai in abu ya kama ta saka Hausar. Ita ce ta gaji da ganin uban yana kunna rediyo ranar Juma'a yana kashewa da tsaki. Ta ce akwai manhaja a kwamfuta da ake zuba mata tsawon eriya da tsayinta da inda ta fuskanta, sai ta nuna inda muryar ke tafiya. Wata safiya ta roƙe ni in raka ta sama. Na riƙe mata bakin tef muna aunawa, ta ɗora wayar hannunta a kan katanga ta duba gabas da yamma, ta rubuta. Ta ɗan dube ni. Ni har da nuna mata yadda ƙullina bai saki ba duk zafin Madina.

Bayan la'asar ta haɗa kwamfutar da talabijin na falo don uban ya gani da kyau. Ta shimfiɗa taswira, gidanmu a tsakiya, sannan wani zane ya fito a kai mai kama da kalangu: kumburi ta arewa, kumburi ta kudu, tsakiya a tsuke. Ta ce kumburin nan ne inda muryar ke zuba, don irin wannan waya ta gefenta take magana, ba ta bakinta ba. Sai ta ɗora yatsa a kan garin baffanta. Ya faɗo daidai wajen da kalangun ya tsuke.

Nan na gane abin da na yi. Na dubi zanen, na dubi yatsarta.

Maigida ya ce ta yi kuskure wajen zuba lissafin, ai wayarsa kudu da arewa take. Ta ce, "Baba, da idona na gani." Ya juyo gare ni.

"Malam, yaya ka ɗaure ta?"

Na ce gabas da yamma. Na ce na ga ƙanensa yana yamma, shi ya sa na nuna masa ita.

"Na tambaye ka ranar."

"Ka tambaye ni, Maigida. Na ce na yi."

Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon talabijin. 'Yar ta juya wayar a cikin kwamfuta, abin da bai ɗauke ta ƙiftawar ido ba, kalangun ya kwanta, kumburinsa ya rufe garin baffan gaba ɗaya. Maigida ya ce a hankali, kamar ba da mu yake ba, wai ashe a banza ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci.

Na miƙe zan hau sama in kwance sandunan. Ya ce in zauna, waya ba ta gudu. Ya sa 'yar ta nemo lambar baffanta, ya miƙo mini wayar hannun tana ringi, ya ce ni zan fara.

Muryar da ta ɗauka ta tsufa fiye da yadda na san ta. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne, na faɗi abin da na yi tun daga kwalin batir har zuwa kalangun. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce rediyonsa ya ba wani maƙwabci tun bara, don ganinta a ɗaki yana ɓata masa rai. Ya tambaya ko yayansa yana kusa.

Na ce yana nan. Na miƙa masa, muka fita ni da 'yar, muka ja musu ƙofa.