Dubu Saba'in a Raba Gida Tara

Bayan sadakar ukun Innarmu, a gidanmu na Balan, limamin unguwa ya ce mu 'ya'yanta mu yi mata hailala dubu saba'in, mu raba a tsakaninmu. Mu tara ne. Da yake ni nake koyar da lissafi a wata sakandare a Ajingi, kowa ya zubo mini ido kamar ni na ƙago lambar.

Tun kafin in fara raina ya ɓaci. Na san halin dubu saba'in sarai. Tana rabuwa gida biyu, gida biyar, gida bakwai, gida goma, babu ragowa, amma ita da uku ba sa ga maciji, balle tara. Da mu goma ne da an huta. Na goman kuwa ga shi nan zaune a kan tabarma: Baba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta riƙe wa harshe, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Yana ta bin mu da kallo, so yake a sa da shi a addu'ar matarsa. Mu kuwa muka kau da kai, don wa zai ɗora masa dubbai?

Na tsuguna na yi rabon da tsinke a ƙasa. Bakwai ta fito. Wata bakwai ta biyo ta, sai wata, sai wata. Kowa dubu bakwai da ɗari bakwai da saba'in da bakwai. Ragowar ma bakwai! Na goge na sake, haka ya ƙara fitowa. Duk daɗewata a aji, lamba ba ta taɓa ba ni tsoro ba sai ranar.

Babbar yayarmu ta leƙo. "To, malamin lissafi, bakwan da ta yi saura fa? Ko a naka za ka haɗa?"

Baba ya bugi tabarma da hannunsa mai lafiya. Da ƙyar ya ce, "Ni."

Ya fara bayan la'asar. Kowace ɗaya sai ya tsaya ya huta, Yaya tana ƙirga masa da yatsu, hawaye na zubo mata. Ba wanda ya iya taɓa carbi a cikinmu. Sai da ya cika ta bakwai, ya jingina da bango yana haki, sannan muka fara namu.