Keken Baba Tanko a Hanyar Gona

Jama'a, daren jiya na yi wani irin mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara gaya muku wane ne Baba Tanko, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya tsorata ni ba.

Ni ɗan gudun dogon zango ne, Baba Tanko kuma shi ne kocinmu tun ina makarantar sakandare. Yanzu kaka ce, an gama gasannin bana, na gaba kuma da saura. A irin wannan tsakanin ba ya barin mu mu zauna, kuma ba ya barin mu mu yi sauri. Hanyar gona yake sa mu bi, shi yana biye da mu a kan tsohon kekensa, da jarkar ruwa ɗaure a kariya. Dokarsa ita ce duk manomin da ka wuce sai ka yi masa cikakkiyar gaisuwa, har ka tambayi iyali. In numfashinka ya yanke kafin ka kai ƙarshen gaisuwar, to saurinka ya yi yawa, sai ka ji ƙararrawar kekensa a bayanka. Ni da ba ni da haƙurin tafiyar hawainiya, na sha ƙararrawar nan fiye da kowa. Kullum sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai Nura, wa ya biyo ka?"

Makon jiya jiri ya ɗebe shi a ƙofar masallaci. 'Yarsa Hajara ta gaya mini likita ya ce jininsa ya hau, dole ya ajiye keke. Shi kuwa ya ce ba fashi, gobe Asabar sai ya raka mu dutsen bayan gari kamar yadda muke yi duk kaka. Shekaranjiya ya turo keken har zaurenmu, tayar baya ta sace, ya ce in yi masa faci tunda ina da kayan.

To, a mafarkin sai na gan ni a hanyar gonar nan ina gudu. Ina jin takun sauran yaran a gefena, amma ban ga kowa ba. Dawa ta yi tsawo har ta rufe sama, kawunanta jajaye duk sun sunkuyo suna kallon hanya. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Jikina sakayau, ba gajiya ko kaɗan.

Na iske wani mutum yana yankan dawa, ya ba ni baya. Na ce, "Sannu da aiki, ya gona, ya iyali?" Bai juyo ba. Hannunsa na ta aiki, amma ko kara ɗaya bai faɗi ba.

Sai kawai na gan ni a gonar gyaɗa, mata sun duƙa suna cira. Na gaishe su har ƙarshe, numfashina bai yanke ba, har na ji daɗi na ce yau dai Baba ba shi da abin cewa. Sai suka miƙe gaba ɗaya, suka ja mayafansu suka rufe kai. Babbarsu ta dube ni ta ce, "Ya haƙuri, Nura?"

Na ce, "Haƙurin me, Inna?" Sai suka koma suka duƙa.

Daga nan duk wanda na gaisar, abin da yake ce mini ke nan. Mai ɗaurin dami ya faɗa, mai roron wake ya faɗa. Sai kawai na ga an shimfiɗa tabarmi a tsakiyar hanya, irin yadda ake yi a ƙofar gidan rasuwa, ga takalman gudun yaranmu an jere a gefe. Na gane na kowa. Ba kowa a kan tabarmin, kuma ƙafafuna suka ƙi daina gudu.

A nan ƙararrawar ta fara. Na rage gudu, ba ta daina ba. Na koma tafiya, tana nan tana bugawa. Na tsaya cak a gindin dutse, na waiwaya.

Keken ne, a tsaye, ba kowa a kansa. Feda na juyawa a hankali. Jarkar na ɗigar da ruwa, ya yi layi a ƙasa har iya ganina. Na dubi tayar baya, na gan ta a cike tam. Na dubi hannuwana, duk sholishon faci, yatsuna na mannewa da juna. Daga cikin dawa na ji muryarsa, ba faɗa a cikinta, ya ce, "Wa ya biyo ka?"

Na ce, "Baba, kana ina?"

Sai keken ya wuce ni ya kama hawan dutsen. Tunda nake, keken nan bai taɓa shiga gabana ba. Na bi shi da duk ƙarfina, ina kiran Baba, Baba, a nan ne numfashina ya yanke. Ina ji ƙararrawar na nisa, na nisa, sai na farka ana kiran asuba.

Ko alwala ban yi ba na fita zaure. Keken na nan jingine da bango, tayarsa a sace yadda ya kawo shi. Wallahi ban taɓa murnar ganin taya a sace ba sai yau. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Ɗazu da hantsi ya kira ni a waya, muryarsa garau, ya ce, "Nura, ka yi facin nan kuwa?" Na ce, "Ina kai, Baba." Ya ce, "Ka sa masa iska sosai, hanyar dutse ce."

Na san mutumin nan. In na ce ba zan yi ba, zai gane na fara yi masa kallon wanda ya gama yayi, kuma wannan zai fi ciwon taɓa shi. In na yi, da hannuna na ɗora shi a kan keken.

Don Allah masu sanin fassara, ku taimaka mini kafin gobe. Maganar Hajara ce kawai ta kwana a raina, ko nuna mini wani abu aka yi? Ga sholisho da famfo a gabana tun safe. In yi facin, ko in bar tayar yadda take?