Hedimasta da Zaɓen da Aka Ce Sai Bayan an Sauke Tuta

An haifi marigayi Hedimasta a shekarar 1919 a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa mai awon kaya ne a tasha, mahaifiyarsa kuwa mai ɗinki.

Ilimi da Aiki

Ya shiga makaranta a 1927, ya kama aikin koyarwa a 1940, aka naɗa shi shugaban makaranta a 1951, daga nan sunan ya bi shi har kabari. Shi ne ya hana malamai naɗa shugaban aji, ya ce ɗalibai su jefa ƙuri'a a kwalin alli, al'amarin da malaman suka ɗauka ɓata lokaci ne.

Iyali

A 1944 ya auri 'yar wani mai gyaran agogo, Allah ya albarkace su da zuriya.

Kwamitin Karɓar Mulki

A 1958 aka sanya shi cikin kwamitin da zai tattauna miƙa mulki da Turawa, ƙarƙashin jagorancin wani babban lauya. Ƙa'idar kwamitin ita ce a yi saɓani a ɗaki, amma gaban Gwamna baki ɗaya ne. Hedimasta ya tsaya kai da fata sai an yi zaɓe kafin a sauke tutar Turawa.

Lauyan ya ce, "Haba Hedimasta, mu karɓi makullin tukuna. Zaɓe ai namu ne, ina za shi?"

Ya amsa, "Ranka ya daɗe, wanda ba ƙuri'a ce ta zaunar da shi ba, da me za mu tashe shi?"

Aka rinjaye shi. Ranar zaman ƙarshe Gwamna, wanda shi ma hankalinsa na kan jirgin komawa ƙasarsu, ya tambaya ko akwai mai ja. Hedimasta ya kiyaye ƙa'ida, ya ɗaga hannun amincewa tare da sauran 'yan kwamitin.

Ƙarshen Rayuwa

An miƙa mulki ga kwamitin, lauyan ya hau kujera, aka ɗage zaɓe, aka sake ɗagewa, har sojoji suka kawar da lauyan a 1967, su ma suka ɗauki alkawarin zaɓe. Hedimasta ya yi ritaya a 1974, baƙin cikin wannan hannu bai taɓa barinsa ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 1986 bai taɓa jefa ƙuri'a ba, aka yi jana'izarsa a maƙabartar bayan tasha. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babbar ma'aikaciyar jinya ce, mai bi mata direban jirgin ƙasa, sai auta, ma'aikacin gidan rediyo, wanda a shekarar ya karanta wa ƙasa sanarwar sake ɗage zaɓe.