Takardar da Kawu Ke Cirewa

Kawuna ya shekara ashirin da shida a bayan kantar kemis ɗinsa, kuma abin da aka fi saninsa da shi rufin asiri. Magidanci in ya shigo yana ta tambayar maganin mura alhali ba ya tari, Kawu ya gane. Sai ya shiga ciki, ya ɓare ƙwayar ƙarfin maza daga kwalinta, ya zuba a farar ambulan marar rubutu. Kwalin ya tafi shara, takardar bayanin ciki kuma ya cusa ta a gwangwanin madara.

Bayan na dawo daga karatu nakan zauna a shagon da la'asar. Wata rana na zaro takarda ɗaya ina dubawa. Kawu ya tsokane ni, wai na haye ruwa don in dawo karatun shara, shi abin da ya sani an gwada maganin a kan dubban mutane kuma ya yi aiki.

Na ce gaskiya ne, yawancinsu sun samu sauƙi, har wasu da aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta sun ce sun ji canji. Ya yi dariya. Na ce amma abin dubawa a kowane gwaji shi ne wa aka hana shiga. Masu ciwon zuciya da ke sa ƙaramar ƙwaya ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe, ba a ɗauke su ba, domin in magungunan biyu suka haɗu jini na iya faɗuwa warwas.

Dariyar ta tsaya.

"Sake faɗa, ɗan nan."

Na sake. Ya dafa kantar shagon. Agogo, amininsa mai gyaran agogo a bakin titi, ya karɓi ambulan da hantsi, ƙwaya huɗu. Kuma shekara uku ke nan Kawu da hannunsa yake sayar masa da ta ƙarƙashin harshen.

Wayar Agogo a kashe. Rumfarsa a rufe, shi da ba ya tashi sai rana ta faɗi. Muka nufi gidansa, Kawu riƙe da mabuɗan shago.

Matar Agogo ta ce maigidan ya ɗan kwanta, kansa ke juyawa. Muka same shi a ɗaki, yana gumi. Ambulan na ƙarƙashin matashi, saura uku. Kwalbar maganin ƙirjin kuwa tana wurin matar, ita ke sa masa a baki duk sanda ciwon ya taso.

Agogo ya gane abin da ke tafe. Ya kama hannun rigar Kawu.

"Kai da ni ne fa, Mai Kemis. Kada ka tona ni."

"Gara ka ji haushina kana raye."

Kawu ya fita tsakar gida. Ina jin sa yana gaya wa matar abin da mijinta ya sha, ya ce ko ƙirjin ya riƙe kada ta kuskura ta ba shi ƙwayar kwalbar, asibiti za mu yanzu, kuma a faɗa wa likita komai. Ta miƙa masa kwalbar ba tare da ta kalle shi ba.

Likita ya riƙe Agogo har washegari, ya sallame shi da ƙafafunsa. Wata biyar ke nan Agogo bai taka shagon ba, a wani kemis yake sayayya.

Kawu bai daina ba da farar ambulan ba, sai dai yanzu takardar na ciki, a ninke. Kafin ya miƙa, yakan rage murya ya tambayi mutum me kuma yake sha. Wasu sukan fusata su fice. Yakan bi su da ido har su sha kwana, yana tunanin shagon da za su shiga.