Askin Da Baba Sallau Bai Ƙarasa Ba

Wata rana, bara waccan, ɗaurin auren wani ƙanena ya mayar da ni unguwar da aka haife ni. Rabona da ita ya kai shekara ashirin.

Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yan cikinta in sun karanta za su gane kansu.

Da aka shafa fatiha aka watse, sai ƙafata ta ja ni gindin ceɗiyar bakin masallaci, inda wanzamin unguwa yake zama tun kafin a haife ni.

Baba Sallau.

Yana nan yadda na bar shi, da tabarmarsa, da zabirar da yake zuba asake, da 'yar ƙwaryar ruwa. Sai dai ya ranƙwafa, gemun ya yi fari fat.

Ya ɗago ya ƙare min kallo, ya ce, "Wannan ƙeyar ko a Arfa na hango ta zan gane ta. Ɗan gidan Malam Hudu ne ko?"

Na yi dariya har da ƙwalla. Na cire takalmi na zauna.

Jama'a, ku da kuka taso a zamanin shagon aski mai fanka da madubi, an bar ku a baya.

Mu ranar jajibere layi muke yi a gindin ceɗiyar nan. Baba Sallau ya matse kanka tsakanin gwiwoyinsa, ya shafa sabulun salo, ya wasa aska a tafin hannu. In ka yi kuka ya ce zai yanke kunnenka ya kai wa mai tsire. In ka daure ya ba ka goriba.

Lokacin kowane dattijo ubanka ne. In ka yi laifi a bakin kasuwa, kafin ka iso gida an zane ka sau biyu. Da magariba kowane gida ya fito da kwanon tuwo ƙofa a yi ciyayya, har baƙon da ba a san daga ina yake ba ya sa hannu.

Ina kewar zamanin nan, wallahi ina kewarsa.

Amma kowane allazi da nasa amanu.

A lokacin babu zagin da ya kai a ce maka ɗan wiwi. Gara a ce maka ɓarawon akuya.

Unguwarmu kuma tana da nata hukuncin. In 'yan sintiri suka kama saurayi da wiwi, ba ofishin 'yan sanda ake fara kai shi ba. Wajen Baba Sallau ake kawo shi, ya aske masa rabin kai tal, ya bar ɗaya rabin. Daga nan a zaga da shi lungu-lungu, mu yara muna biye muna tafi muna waƙa: ɗan wiwi, rabin kai.

Bayan ranar, ba mai cin tuwo da shi, ba mai ba shi 'ya.

Mu a ganinmu tarbiyya ce. Kuma gaskiya daɗi muke ji, kamar ranar tashe.

Na ƙarshen da aka yi wa ina unguwar, Tanimu ne.

Ɗan Baba Sallau na cikinsa.

Tanimu shi ne golan ƙungiyar ƙwallon unguwa. Shi ya koya min tuƙa keke, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayana har gumi ya jiƙa masa riga.

Da aka kawo shi, kowa ya zaci tsohon zai ce a nemi wani wanzamin. Sai ya ce wanda ya aske 'ya'yan mutane ba zai ɓoye nasa ba. Ya wasa aska, ya yi masa rabi.

Aka yi wata guda ana yabonsa a majalisa. Namijin duniya, mai gaskiya ko a kan ɗansa.

Ni kuwa ina da shekara goma, kuma muryata ta fi ta kowa a waƙar. Tanimu ya waigo ya gan ni ina tafi. Sai ya juya.

Kwana uku bayan haka ya hau motar shanu zuwa Kudu.

Ko wasiƙa. Mahaifiyarsa ta rasu tana tambayar ko an ji labarinsa.

To, ga ni yanzu a kan tabarmar nan, ina kallon hannun da ya yi askin, ban san ta inda zan fara ba.

A gefe wasu dattawa sun kewaye rediyo. Shiri ake yi na kiran waya, wai ko ya kamata a sassauta dokar wiwi kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. Wani ya bugo ya ce a halatta nomanta don magani. Wani ya bugo ya ce a'uzubillahi, ƙarshen duniya ya zo. Sai wani likita ya ce shi dai abin da ya sani, mai shaye-shaye mara lafiya ne, asibiti ya fi buƙata.

Na jira in ga an kashe rediyon, don a da ko sunanta ba a kira a gaban manya.

Ba a kashe ba. Har wani tsoho da na sani sarai, wanda shi ke shiga gaba da bulala in ana zagaye, ya gyaɗa kai ya ce likitan nan ya yi magana.

Raina ya ɓaci. Haka mutane suke, a sauya ra'ayi kamar an sauya hula, amma ba mai komawa ya nemi waɗanda tsohon ra'ayin ya kora daga gari.

Kada kuma wani ya shigo min sharhi ya ce ina goyon bayan wiwi. Ban goya ba. Na ga masu hankali da ta mayar suna tsintar leda a bola.

Muna cikin haka sai muka ji hayaniya.

'Yan sintiri ne suka taso ƙeyar wani matashi. Shugabansu Barau, sa'ana, wanda muka yi waƙar nan tare da shi muna yara.

Matashin sunansa Lurwanu, A-daidaita-sahu yake tuƙawa. An samu ƙulli biyu na wiwi a ƙarƙashin kujerarsa. Matarsa ta haihu kwana biyar da suka wuce, ɗan fari, jibi suna. Kuma bisa al'ada Baba Sallau ne zai yi wa jaririn aski.

Barau ya ce tunda aka bar hukuncin iyaye, yara suka lalace. Yau za a dawo da shi.

Kafin ka ce kwabo, wayoyi sun tashi sama. Sun kai ashirin.

A da ma da babu waya, kun ji yadda aka ƙare. Ina ga yanzu da bidiyo zai riga shi isa gidan surukansa?

Lurwanu ya durƙusa gaban Baba Sallau. A hankali ya ce, "Baba, ka rufa min asiri don Allah. Surukaina gobe za su iso."

Baba Sallau ya jawo zabirarsa. Ya nuna masa tabarma. Ya jiƙa kan, ya shafa sabulu, ya wasa aska a tafin hannu.

Na so in yi magana, bakina ya yi nauyi. Ina da shekara arba'in, amma a wajen nan na koma yaron da ke tafi.

Ya aske ɓangaren dama tal.

Barau ya matso ya ce, "Ya isa haka, Baba. Rabi, irin na da."

Baba Sallau bai ko ɗago ba. Ya ce, "Barau, rabin da na bari a kan Tanimu, shekara talatin ke nan ina jiran ya zo in ƙarasa masa. Ba zan ƙara barin wani ba."

Wajen ya yi tsit, sai muryar rediyo.

Tsohon nan mai bulala ya miƙa hannu ya kashe ta.

Wayoyi suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Barau ya sunkuyar da kai, ya ja da baya.

Baba Sallau ya ci gaba da aikinsa, bai yi gaggawa ba. Ya ƙarasa ɗaya rabin, ya gyara masa saje da gemu, ya wanke kan da ruwa. Askin ango ya yi masa.

Sannan ya kama haɓarsa ya ɗago fuskarsa.

"Jibi ni zan aske ɗanka, kana zaune a ƙofar gidanka kamar kowane uba. Ranar Litinin kuma ka zo da keken naka ka ɗauke ni, mu je asibiti tare. Ciwon nan ya fi ƙarfin ƙahona. In ka gudu, ka ci amanata."

Lurwanu ya fashe da kuka. Ba wanda ya yi dariya.

Da jama'a suka watse, na matsa kusa da tsohon yana goge aska. Na ce, "Baba, ranar Tanimu ni ma ina cikin masu waƙar. Ka yafe min."

Ya ce, "Na gan ka ai. Kai yaro ne a lokacin. Ni fa?"

Ya mayar da askar cikin zabira.

Na ɗaga tafiyata don in halarci sunan. Na ga Lurwanu da farar shadda a ƙofar gida yana raba goro, surukansa na gefensa. Ko sun ji ko ba su ji ba, ba wanda ya tayar da zancen. Barau ma ya zo, shi ya taya shimfiɗa tabarmi.

Makon jiya na kira ƙanena na tambayi labari.

Ba zan yi muku ƙarya in ce an sha magani an warke rana ɗaya ba. Ya ce sau biyu Lurwanu yana komawa ruwa, sau biyu tsohon yana zuwa da sandarsa ya zauna a zauren gidansa har sai ya fito sun tafi asibiti.

Tanimu kuwa har yanzu shiru.

Amma Lurwanu yana gari. Matarsa na ɗakinta. Yaron ya fara tafiya, kuma ya san wanda zai kira Baba.

Darasi:

Ko a sassauta doka ko a tsaurara ta, wannan muhawara ce ta malamai da likitoci da masu yin doka, kuma za a daɗe ana yin ta. Abin da ke hannunmu ni da kai shi ne yadda za mu yi da namu in ya faɗa ciki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka tsawata, ka hana, ka kai shi magani, amma kada ka tozarta shi a bainar jama'a don a yabe ka. Masu yabon za su sauya ra'ayi wata rana, kai za a bari da rashin.

In ka san gidan da ake fama da irin wannan jarrabawa, tura musu wannan kafin fushi ya yanke musu hukunci. Allah ya shirya mana zuri'a.